Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kakanni, gwaggonni da kawunnan yaran da likita ya rubuta wa maganin natsuwa

Assalamu alaikum iyayenmu, Hajiyoyinmu da Alhazanmu, gwaggonni da innoni, kawunnai da baffanni, har da ku surukai da muke jin nauyin ɗaga ido mu kalle ku. Ina gaishe ku da girmamawa, Allah ya ƙara girma, ya ja da rai, ya nuna muku auren jikokin nan.

Na zaɓi in rubuto a fili ne saboda maganar nan a gabanku ba ta faɗuwa, da an fara sai kunya ta hana ko murya ta kama rawa, kuma na san ba mu kaɗai ba ne, akwai iyaye da yawa da suke cikin irin halin da muke ciki ni da maigidana. Likitan ƙwaƙwalwa ya duba yaronmu ɗan shekara 8 ya ce yana da larurar da suke kira ADHD, wato yaro ya kasa tsayar da hankalinsa wuri ɗaya, ga ƙiriniyar da ta wuce ta sa'anninsa, ga aikata abu kafin ya yi tunani, sannan ya kawo shawarar a gwada mishi wani magani mai suna metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin ko Concerta. Ya ce mu je gida mu yi shawara. Toh abun da nake roƙo a wajenku shi ne ku taya mu yin shawarar nan, amma dan Allah kar ku yanke mana ita, kuma kar ku sa mu ji kamar mun zama azzaluman iyaye don kawai mun tsaya muna tunani a kai.

Na san maganar da za ta fara fitowa don kullum ita ce take fitowa, "ƙiriniya ce kawai ta ɗa namiji, ubansa ma haka ya yi, ga shi nan ya girma ya zama mutum." Wallahi ban ƙi maganar ba, rabinta ma likitoci sun yarda da ita, don binciken da aka yi a kan tagwaye a ƙasashe da dama ya nuna gado ne yake da kaso mafi tsoka a larurar, wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100, shi ya sa in ka ga yaro mai ita da wuya ka rasa wani a dangin uwa ko na uba da aka yi fama da shi haka. Amma Hajiya ku tuna da kyau, cikin waɗanda ake cewa "haka ya yi" ɗin nan ba duka ne suka wanye lafiya ba. Akwai wanda ya dace ya faɗa kasuwa ko gareji inda zirga-zirgar ta zame mishi alheri, akwai kuma wanda aka yi ta canja mishi makaranta har aka haƙura, aka laƙaba mishi daƙiƙi ko gagararre tun yana firamare ya tashi da sunan a kansa, yau kowa a dangi ya san shi amma ba a son a ɗauko zancensa a taro. Wanne daga ciki yarona zai zama, wannan sai Allah, amma ba zan iya naɗe hannu in zuba ido ba alhali ana ce min akwai abun da za a iya yi.

Kuma ƙiriniya daban, wannan abun daban. Yaro mai ƙiriniya ta yau da gobe in ya ga fuska babu wasa yakan shiga taitayinsa. Wannan kuwa yana so ya natsu ne ya kasa. Ka aike shi kanti ya sayo magi da ashana, kafin ya kai bakin layi ya manta me aka ce, ya hango ana buga ƙwallo ya bi, kuɗin ma bai san inda ya yar ba. Ya san karatun sarai, in ka tambaye shi da baki zai ba ka amsa, amma buɗe littafinsa ka gani, rabin layi ya rubuta ya bari. Ya tsallaka titi bai duba ba, Adaidaita ta kusa kwashe shi. Yara sun daina son wasa da shi saboda ba ya iya jiran layinsa ya zo. Abun da ya fi ci min rai shi ne ranar da ya tambaye ni da kansa wai me ya sa shi kullum shi ne mai laifi, ni kuma ban da amsar da zan ba ɗan shekara 8.

Sannan ku sani ba wai kallo ɗaya likita yake yi wa yaro ya ce yana da ita ba. Ƙa'idar da suke bi ita ce sai alamomin sun kai aƙalla wata 6, sun fara kafin yaro ya kai shekara 12, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, wato gida da boko ko gida da Islamiyya, kuma suna cutar da karatunsa ko zamansa da mutane da gaske. Ana ba iyaye fom su cika, a ba malamin aji nasa. Kafin nan kuma likitan kirki sai ya kore wasu abubuwan da suke kama da ita, ko yaron ba ya ji sosai, ko ba ya ganin allo, ko ƙarancin jini, ko rashin isasshen barci, ko da yunwa yake zuwa makaranta, ko wata irin farfaɗiya ce wadda yaro zai ɗauke wuta na 'yan daƙiƙu ya dawo ba tare da ya faɗi ba, ko kuma tashin hankali ne a gida yake cinsa a rai. A wajenmu nan akwai ƙarin abubuwa, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa hawa ƙwaƙwalwa yakan bar wa yaro matsalar natsuwa, sikila ma haka, ga gubar dalma, wadda kowa ya tuna abun da ta yi a Zamfara a 2010, wajen Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu, kuma dalma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Wasu nau'in kwallin da ake rambaɗa wa jarirai ma an auna an samu dalma a ciki. Duk wanda bai duba waɗannan ba ya miƙo takardar magani, ni ce ta farko da zan ce a nemi wani likitan.

A duniya baki ɗaya ƙiyasin da aka fi dogara da shi shi ne wajen yara 5 cikin 100 suna da larurar nan. Ku lissafa da ajin firamare irin namu da yara suke cika maƙil, kusan babu ajin da za a rasa. Ba cutar Turawa ba ce, su dai sun riga mu ba ta suna, mu kuma muna da namu sunayen da muke kiran yaran da su, kunnen ƙashi, rawar kai, marar jin magana.

Baffa, ku kuma kukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mun sake mishi ne, da a ce yana shan bulala da tuni ya dawo hanya. Ina ba ku haƙuri, amma yaran nan babu wanda ya kai su shan duka, a gida a dake su, a boko a dake su, a Islamiyya a dake su, da duka yana magani da sun fi kowa natsuwa a unguwa. Abun da dukan yake koya musu shi ne ƙarya da ɓoye laifi da taurin zuciya, har ya kai yaro ya daina jin zafin bulalar ma, daga nan sai a ce ya kangare. Kuma mun san inda hanyar take ƙarewa ga wasu, gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa cikin Kaduna, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma mafi yawansu 'yan uwansu ne suka kai su da hannunsu da niyyar gyara. Ba na cewa duk waɗanda aka samu a ciki wannan larurar ce da su, amma duk uwar da take da yaro irin nawa da ta ga hotunan nan sai da gabanta ya faɗi.

Yanzu ga babban tsoron naku, wanda ni ma shi ne ya hana ni barci, "ƙwaya za ku fara ba yaro tun yanzu?" Wallahi ba na ganin laifin duk wanda ya yi wannan tambayar. Mu da muka ga abun da kodin ya yi wa matasanmu da matan aure a Kano da Jigawa da sauran garuruwa, har sai da BBC ta fitar da rahoton nan a 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, mu da muke ganin tiramol a hannun 'yan acaba da leburori, mu da muka ji binciken da aka fitar a farkon 2019 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi cewa mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, ai dole in aka ce ƙwaya mu razana. Kuma ba zan ɓoye muku ba, metilfenidet yana cikin magungunan da ake sa wa ido sosai, yana cikin jerin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan magunguna masu taɓa ƙwaƙwalwa, a nan gida sai da izinin NAFDAC ake shigo da irinsu, kuma ba a bayarwa sai da takardar likita. Ana iya yin shaye-shaye da shi in ya faɗa hannun da bai dace ba, a Amurka ɗaliban jami'a suna karɓa a hannun abokai don su kwana karatu, har a 2023 hukumar magunguna ta ƙasar ta ƙara tsaurara gargaɗin da ake rubutawa a jikin kwalinsa. Duk wannan gaskiya ne.

Amma tambayar da ta dame mu ita ce, yaron da likita ya rubuta wa, yake sha da safe daidai adadin da aka ce, a hannun uwarsa, shin zai tashi ɗan ƙwaya saboda haka? An bi dubban yara shekara da shekaru don a amsa wannan, kuma abun da aka samu shi ne maganin bai ƙara musu haɗarin faɗawa shaye-shaye ba, wani babban bincike da aka yi a Siwidin ma ya samu waɗanda suke kan magani sun fi ƙarancin shiga matsalar. Abun da aka tabbatar kuma shi ne larurar ita kanta, in aka bar ta, tana ƙara haɗarin, don yaron da ba ya iya tsayawa ya yi tunani kafin ya aikata, ga shi an kore shi daga makaranta, ga shi kowa ya tsane shi a gida, shi ne abokan banza suke saurin samu. Kenan in tsoron ƙwaya ne ya sa muka ƙi maganin, mu sani ƙin ma yana da nasa haɗarin ta wannan fuskar dai. Kuma ku tuna akwai yara a danginmu da suke shan fenobabiton saboda farfaɗiya, shi ma yana cikin magungunan da ake sa wa ido a waccan yarjejeniyar, ban taɓa jin wani ya ce a hana su ba, saboda farfaɗiya ana ganinta da ido. Larurar yaronmu ba ta kayar da shi ƙasa, shi ya sa ake ganin kamar da gangan yake yi.

Wasu kuma sukan ce ai maganin barci ne, za a mayar da yaro sususu ya zauna kamar dolo don iyayensa su huta. A'a, ba ya cikin masu sa barci kwata-kwata, yana cikin masu zaburar da ƙwaƙwalwa ne. Za ku ce yaron da ya riga ya fi ƙarfin kowa kuma a ƙara zaburar da shi? Yadda likita ya yi mana bayani, akwai sashen gaba na ƙwaƙwalwa da yake aiki kamar birkin mota, shi yake cewa tsaya tukunna, saurara, gama wannan kafin ka kama wancan, toh a yaran nan birkin ne ba ya kamawa sosai, maganin kuma yana ƙara yawan wasu sinadarai biyu, dofamin da noradirenalin, a wajen, sai birkin ya riƙa kamawa. In aka ga yaro ya koma shiru ba walwala ba dariya, alama ce adadin ya yi mishi yawa ko maganin bai karɓe shi ba, sai a koma wajen likita, ba haka ake so ya zama ba.

Kuma ba sabon abu ba ne da ake gwaji a kan 'ya'yanmu. Tun 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura cewa irin waɗannan magungunan masu zaburarwa suna sa yara masu matsalar ɗabi'a su natsu su yi karatu. Shi metilfenidet an haɗa shi ne a 1944 a kamfanin Ciba da ke Suwizalan, kuma tun shekarun 1960 ake ba yara. Kakannin wasu ma sun sha.

Toh amma ba zan zo nan in yi tallan magani ba, don da abun mai sauƙi ne da ba mu tsaya shawara ba. Yana rage cin abinci, wannan kusan shi ne abun da aka fi gani, yaro ya dawo da abincin tara ɗinsa bai taɓa ba, ga yaronmu dama ba jiki gare shi ba. Yana iya hana barci da wuri in aka sha da yamma. Wasu suna ciwon kai ko ciwon ciki a farko, wasu sukan yi fushi ko kuka lokacin da maganin yake sakinsu. Yana ɗan ƙara bugun zuciya da awon jini, shi ya sa dole a riƙa aunawa. Yaran da suka daɗe a kai kuma an ga tsayinsu yakan ragu kaɗan, kamar santimita 1 zuwa 2, don haka ake ɗora su a sikeli a auna tsayi lokaci-lokaci. Sannan ba ya warkar da larurar, yana aiki ne iya sa'o'in da yake jiki, mai gajeren zango awa 3 zuwa 4, irin su Concerta wajen awa 12, gobe sai an sake sha. Kenan yaron da ya sha mai gajeren zango da safe don boko, kafin ya tafi Islamiyya bayan la'asar maganin ya sake shi, wannan ma abu ne da sai an zauna da likita an tsara.

Akwai wani babban bincike da aka fitar a 1999, aka ɗauki yara 579 'yan shekara 7 zuwa 9 a Amurka da Kanada aka bi su wata 14. Waɗanda aka ba magani ana bibiyarsu da kyau sun fi waɗanda aka yi wa horon ɗabi'a kaɗai samun sauƙin alamomin, waɗanda aka haɗa musu biyun kuma sun ɗan fi a wasu fannoni kamar zama da iyaye. Amma da aka ci gaba da binsu shekaru bayan an gama, sai tazarar da ke tsakanin rukunonin ta yi ta raguwa har ta ɓace. Hukumar Lafiya ta Duniya ma an nemi ta sa maganin a jerin magungunanta na dole a 2019 da 2021 ta ƙi, ta ce hujjar amfaninsa na dogon lokaci ba ta gamsar da ita ba, duk da cewa a jagorar da ta rubuta wa ma'aikatan lafiya ta yarda a ba yaro daga shekara 6 a ƙarƙashin kulawar ƙwararre bayan an fara da koyar da iyaye dabarun tarbiyya. A Amurka ƙungiyar likitocin yara ta ce ɗan shekara 4 zuwa 5 da horon iyaye ake farawa, daga 6 ne ake haɗawa da magani. Na kawo duk wannan ne don ku ga masana ɗin ma ba baki ɗaya suke magana ba a kan komai, toh ina ga mu? Iyayen da suka auna suka ce a gwada ba su yi laifi ba, waɗanda suka auna suka ce a dakata tukunna su ma ba su yi laifi ba, matuƙar ba watsar da yaron suka yi ba.

Abun da ya ɗan kwantar min da hankali shi ne ba ƙofa ba ce da in an shiga ba a fita. Ana farawa da ɗan kaɗan, kamar miligiram 5, kuma cikin 'yan kwanaki ake gane ko yana aiki, in bai karɓi yaro ba likita ya tsayar ko ya canja. Akwai ma wanda ba ya cikin masu zaburarwa, atomoksetin, shi sai ya ɗau makonni kafin a ga aikinsa. Wasu likitocin kuma sukan ce a huta da shi lokacin dogon hutu don yaro ya ci abinci ya murmure, a kuma ga ko har yanzu yana buƙata.

Yanzu bari in juyo kan ɗaya ɓangaren, don a dangi akwai masu cewa kar a ba shi, akwai kuma masu gaggawar a ba shi komai ma in dai zai yi shiru. Gwaggo, dan Allah a daina cewa a je kemis a karɓo mishi Piriton ko baliyam ko maganin mura mai sa barci "ya ɗan kwanta mutane su sarara." Wannan shi ne ainihin abun tsoro, magani ba awo ba likita ba bibiya. Haka wanda zai ce ɗan maƙwabcinsa yana shan Ritalin bari a ɗebo mana mu gwada, a'a, adadin kowane yaro daban ne kuma akwai yaran da bai kamata su sha ba sam. Malaman makaranta ma, Allah ya saka muku, mun san wahalar da kuke sha da aji cike, kuma bayaninku ne likita yake dogara da shi, amma ba hurumin makaranta ba ne ta ce ko a sa yaro a magani ko a zo a ɗauke shi. Ku zaunar da shi a gaba kusa da ku nesa da taga, ku raba mishi aiki gutsi-gutsi, ku aike shi ya goge allo ko ya raba littattafai in kun ga zaman ya ishe shi, waɗannan ƙananan abubuwan suna aiki fiye da yadda ake zato, da magani ko babu.

Maganar addu'a da ruƙiyya kuwa babu wanda ya isa ya raba mu da su, kullum muna tofa mishi, muna kuma roƙon ku ci gaba da sa shi a addu'a don taku ta fi tamu. Amma kar a ce sai dai ɗaya, ko addu'a ko asibiti. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani, ya kuma sanar da mu Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abun da nake roƙo shi ne a daina cewa a gaban yaron aljanu ne ko sammu ne ko baki ne ya kama shi, yana ji fa, kuma yana ajiyewa a ransa.

Sannan ku tausaya mana ta wajen wahalar hanyar ita kanta. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ƙungiyarsu ta sha faɗin ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, waɗanda suka ƙware a kan yara kuwa 'yan tsiraru ne a cikinsu. A Arewa in ba asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri da Dawanau a Kano ba, sai manyan asibitocin koyarwa, mutumin ƙauye kuwa sai ya yi tafiya mai nisa. Maganin ba kowane kantin magani yake da shi ba, ga tsada, ga fargabar jabu, yau a samu gobe a ce ya yanke. Sai a farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kenan ƙasar ma yanzu take farkawa. Uwar da ta ratsa duk wannan, ta jure a gan ta a layin asibitin da mutane suke kira na mahaukata riƙe da hannun ɗanta, bai kamata ta dawo gida ta tarar da taron dangi ana jiranta da tuhuma ba. Da yawa saboda gudun wannan suke ɓoyewa, su riƙa ba yaro magani a ɓoye ko su daina zuwa asibiti gaba ɗaya, kuma ɓoyon ya fi komai haɗari, don in yaro ya je hutu gidan kaka ba wanda ya san yana shan wani abu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo, mu muke kwana da yaron nan mu tashi da shi, mu ake kira daga makaranta, kuma mu Allah zai tambaya. Amma ba mu ce ku koma gefe ba, akwai abubuwan da ku kaɗai za ku iya yi mana. In ya zo wajenku ku riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya, ku kira sunansa ya kalle ku tukunna, in ya yi daidai ku yaba mishi nan take ko da ƙaramin abu ne, don yaron da kullum faɗa yake ji yabon kaka yana da nauyi a wajensa. Ku daina haɗa shi da ƙannensa ko 'ya'yan wane a gabansa. In mun yanke shawarar gwadawa, ku taya mu lura, yana cin abinci, yana barci, walwalarsa tana nan, ku faɗa mana gaskiyar abun da kuka gani ko da ya saɓa wa ra'ayinku na farko, maganin kuma a ajiye shi a kulle a hannun babba, kar a bar shi a kan firij inda samarin gida za su gani. In mun yanke a dakata, kar wani ya ce mun hana yaro magani.

Akwai kuma tambayar da likita ya yi mana wadda ku ne kuke da amsarta. Kafin a fara maganin nan dole a san ko a dangin uwa ko na uba akwai mai ciwon zuciya tun yana yaro, ko wanda ya yanke jiki ya faɗi ya rasu farat ɗaya da ƙuruciyarsa ba tare da jinya ba, ko mai yawan suma in ya yi gudu, ko mai farfaɗiya, ko wanda ya taɓa samun taɓin hankali. Mun san irin waɗannan ba a son tono su, wasu ma an binne zancen tun kafin a haife mu, amma amsar tana iya sa likita ya tura yaron gwajin zuciya tukunna ko ya canja maganin gaba ɗaya. Dan Allah Hajiya, dan Allah Baba, in akwai ku kira mu gefe ku faɗa mana kafin ranar komawarmu asibiti, kuma duk wanda yake so ya raka mu ya yi wa likitan tambayoyinsa da bakinsa, mota akwai wuri.

Wassalamu alaikum.

'Yarku,
wata uwa daga Kaduna